Ni ne na makara, ko su ne suka yi sammako?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Na daɗe ina karanta wannan fili, yau dai abin ya zo kaina. Shekaruna 34, ina da mata da yara biyu, kuma na shekara tara ina aikin kula da na'urori a wani kamfani. Alhamdu lillahi albashin yana riƙe gida, har a ɗan rage wani abu a ƙarshen wata. To akwai abokina da muka gama makaranta rana ɗaya, shekara biyar ke nan da ya koma wani babban birni. Kwanaki muna hira ya faɗa mini abin da yake ɗauka, sai na ji jikina ya yi sanyi, don ya ninka nawa har da ɗoriya. In na buɗe waya kuma, ga yara 'yan shekara 26 da 27, kowa na shelar ya kai kaza. Yanzu abokin nan ya samo mini gurbi a can, albashin ya fi nawa da kashi 70 cikin ɗari. Baba, a wace shekara ce mutum yake kaiwa ga babban albashi? Na makara ne? Kuma in tattara iyali in tafi, ko in zauna?

Mai karatunku, ɗan shekara 34

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya yaran.

Shekara 28 na yi a ofishin biyan albashi kafin in ajiye aiki. Duk ƙarshen wata wata doguwar takarda ce ke sauka a kan teburina: ga sunan ma'aikaci, ga ranar haihuwarsa, ga abin da zai ɗauka a gefe. In ka daɗe kana bin irin wannan takarda da bakin biro, sai ka fara ganin abin da ba a rubuta ba. Masu kaurin albashi a jerin kusan kullum mutanen da furfura ta fara leƙo wa ne, daga arba'in da 'yan kai zuwa hamsin da 'yan kai. 'Yan ƙasa da talatin da suka kutsa cikinsu, duk tsawon shekarun nan ban cika yatsun hannu ɗaya da su ba.

Ba ofishinmu kaɗai ba ne. A 1974 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Columbia, Jacob Mincer, ya fitar da lissafin da har yau ake koyar da shi, kan yadda albashi ke tafiya da ilimi da shekarun gogewa. Siffar abin kamar girman ɗan Adam ce. Yaro yana tsawo da sauri, sai tsawon ya ja birki, ya daɗe a tsaye, in tsufa ya zo ya ɗan ranƙwafa. Haka albashi yake hawa da gudu a shekarun farko na aiki, ya lafa a tsakiya, ya ɗan sunkuya gab da ritaya. A Amurka ma'aikatar ƙwadago tana fitar da alƙaluman albashin mako duk wata uku, kuma rukunin 'yan 35 zuwa 44 da na 'yan 45 zuwa 54 su ne ke zama a sama. Kai ko ƙofar rukunin farko ba ka taka ba tukuna.

Amma kowace sana'a da nata agogon, kuma a nan mutane suka fi ruɗa kansu. Ɗan ƙwallon ƙafa yana cin kasuwarsa ne tsakanin ashirin da 'yan kai zuwa talatin, kafin ya kai arba'in an yi masa ban kwana. Likita a Amurka sai ya yi shekara huɗu a jami'a, ya ƙara huɗu a makarantar likitanci, sannan uku zuwa bakwai na horon ƙwarewa a asibiti. Lokacin da ya fara ɗaukar albashin da ake yi masa hassada a kai ya wuce talatin, galibi da bashin karatu a wuya. In ka jera su biyun suna da shekara 28, sai ka ce likitan ya lalace. Dawo suna da 50 ka sake dubawa.

Har masu kafa kamfanoni, da ake ta nuna mana su da fuskar yarinta. Gaskiya ne Mark Zuckerberg yana da shekara 19 ya buɗe Facebook a 2004. To amma da Pierre Azoulay da abokan aikinsa suka bi bayanan hukuma na miliyoyin masu kafa kamfanoni a Amurka, sai suka tarar waɗanda kamfaninsu ya fi kowanne saurin bunƙasa, matsakaicin shekarunsu a lokacin da suka fara 45 ne. Ray Kroc, wanda ya baza gidan abincin McDonald's a duniya, yana da shekara 52 ya fara hulɗa da gidan, kafin nan tallan injin haɗa madara yake yi. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri.

Su kuwa yaran da kake gani a waya, ka tambayi kanka wa ke magana, wa ya yi shiru. Wanda ya samu shi ke buga ganga. Mutum dubu da suke daidai da kai, ko ƙasa da kai, ba za su rubuta "yau ma albashina na nan yadda yake" ba. Cikin masu gangar ma, wani kuɗin wata ɗaya mai kyau ya ninka sau goma sha biyu, wani bai cire haraji ba, wani kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ko alƙaluman gaskiya suna iya yaudara. Ka tara mutum goma a ɗaki kowa na samun 10, sai attajiri mai samun 1,000 ya shigo. In aka haɗa aka raba, "matsakaici" ya koma 100, alhali babu wanda aljihunsa ya ƙaru da ko sisi. Shi ya sa masu ƙididdiga na kirki suke jera mutane daga ƙarami zuwa babba su ɗauki na tsakiyar layi. Da wannan na tsakiyar ya kamata ka auna kanka.

Kada ka ɗauka lallashinka nake yi. Akwai wata gaskiyar da ba ta da daɗi. Tunda albashi a shekarun farko yake gudu, wanda ya yi barci a shekara goma zuwa sha biyar ɗin nan da wuya ya rama daga baya. Robert Topel da Michael Ward sun bi tarihin aikin samarin Amurka, suka wallafa a 1992 cewa a shekara goman farko saurayi yakan riƙe aiki kusan bakwai, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ƙaruwar albashinsa daga sauya wurin aiki yake zuwa. Ni ma na gani da idona. Ƙarin shekara-shekara da muke rubutawa ɗan tsiriri ne, wani lokaci ko hauhawar farashi ba ya kamowa. Babban tsalle na mutumin da ya zo daga waje ne, ko wanda ya shigo ofishin manaja da takardar wani kamfani a hannu. Kai ka shekara tara a kujera ɗaya. Ba ka makara ba, amma rana ta fara yin tsaka, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Yanzu batun tafiya.

Akwai wani yaro da ya taɓa zuwa teburina da takardar ɗaukar aiki daga wani babban birni, yana murmushi har kunne. Irin tayinka ne, ƙari mai tsoka. Na ce ya ja kujera. Na ɗauko tsohon ambulan na juya bayansa, na ja layi a tsakiya, na ce mu kira albashinsa na yanzu 100, na can kuma 170. A gefen hagu muka rubuta abin da yake kashewa: haraji da fansho 12, haya 20, sufuri 6, cefane 30, makarantar yara 12, sauran tarkace 10. Saura 10. Sai na ce ya buga wa wanda ya san birnin waya, a gabana. Yana riƙe da wayar a kunne ina rubutawa a gefen dama. Haraji da fansho sun koma 28, don a yawancin ƙasashe in albashi ya hau, kason da hukuma ke yanka ma hawa yake. Haya ta gida mai ɗaki biyu da ba a bayan gari ba, 55. Sufuri 13. Cefane 35. Makaranta da mai reno 20, tunda a can babu kakar yara da za a ajiye wa ƙarami. Tarkace 11. Ya karɓi biron ya haɗa da kansa, ya sake haɗawa. Saura 8. Murmushin nan ya bi iska. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin, daga baya ya ninke shi ya sa a aljihun gaba.

Waɗannan lambobin nasa ne, naka za su bambanta. Amma dubi inda kuɗin ya tafi. Rabin ƙarin, haya ce ta cinye shi. Wani ɓangare na babban albashin birni na mai gidan haya ne, ta hannunka kawai yake bi. Kamfanoni sun san haka sarai. A 2020, da annoba ta sa ma'aikata suka koma aiki daga gida, Zuckerberg ya gaya wa ma'aikatan Facebook cewa wanda ya ƙaura zuwa gari mai araha za a daidaita albashinsa da inda ya koma. Aiki ɗaya, mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, adireshi kawai ya canja.

Me ya sa wasu abubuwa ke tsada a wani wuri, wasu kuma farashinsu kusan ɗaya ne ko'ina? Bela Balassa da Paul Samuelson sun yi bayaninsa a 1964, kowa da nasa rubutun. Abin da za a iya sa wa a jirgi a kai wata ƙasa, kamar waya da kwamfuta da mota, farashinsa ba ya nisa da juna sosai, in ka cire haraji da kuɗin fito. Abin da ba ya ɗaukuwa, kamar ɗakin kwana da aski da renon yaro, shi yana bin albashin mutanen wurin. Mai aski a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan da mai aski a ƙaramin gari almakashi ɗaya suke riƙewa, minti ashirin ɗaya suke ɓatawa a kanka, amma na Zurik dole ya caje ka abin da zai biya hayar Zurik. A jerin biranen da suka fi tsada wanda sashen bincike na mujallar The Economist ke fitarwa, Niyok da Singafo ne suka yi kunnen doki a sama a 2022, a 2023 kuma Singafo da Zurik. Duk birane ne masu manyan albashi. Abin tare yake tafiya.

Lokaci ma yana yi wa kuɗi abin da wuri ke yi masa. Amurkawa sun daɗe suna ɗaukar dala 100,000 a shekara a matsayin alamar an iso. Abin da wannan kuɗin ya saya a 1990, yau sai ka ba da fiye da ninkinsa. Lambar tana nan tana ƙyalli a bakin mutane, cikinta ya rarake. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, hangen dala ma haka. In kana son gwada naka, raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara: in kashi 6 ne, cikin shekara 12 farashi ya ninka, in kashi 18 ne, shekara huɗu kacal.

To in zauna ke nan, Baba? Dakata, ban gama ba, don ambulan ɗin nan bai faɗi komai duka ba.

Abokinka ya tafi shekara biyar da suka wuce, ina kyautata zaton shi kaɗai ya tafi, ko da amarya ba ɗa. Mutum ɗaya yana iya raba ɗaki da wani, ya matse, ya ajiye 30 ko 40 daga cikin 170 ɗin. Kuma kuɗin da aka ajiye a gari mai tsada, in aka kai shi gari mai araha, ƙato ne. Wannan ita ce ribar da masu zuwa ci-rani suka gane tun fil azal: a samu a inda ake biya da yawa, a kashe a inda ake saye da kaɗan. Mai iyali huɗu ba shi da wannan sararin, don shi a can zai samu, a can zai kashe.

Sai kuma abin da ba ya shiga lissafin wata. Jorge De la Roca da Diego Puga sun bi bayanan ma'aikatan ƙasar Sifen, suka wallafa a 2017 cewa gogewar da mutum ya tara a manyan birane irin Madrid da Basalona ta fi daraja a kasuwar aiki, kuma in ya bar birnin yakan tafi da kaso mai yawa na wannan darajar. A babban birni injinan sun fi girma, matsalolin sun fi wuya, waɗanda suka fi ka iyawa suna kusa da kai, kuma in wannan kamfani ya ƙi, akwai goma a titi ɗaya. Ga mai aikin na'urori irinka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saura 8 a wurin da kake koyon abin da zai kai ka 250 nan da shekara huɗu ya fi saura 10 a wurin da ka gama koyon duk abin da ke akwai tun shekara biyar da suka wuce. In kuwa aikin can irin na nan ne sak, suna kawai ya canja, to wahala ka saya da tsada.

Saboda haka ka koma wa abokinka, amma kada ka sake tambayarsa nawa yake ɗauka. Tambaye shi nawa ke saura ranar 28 ga wata. Tambaye shi awa nawa yake yi a hanya kullum, da ƙarfe nawa yake ganin 'ya'yansa. Tambaye shi waɗanda suka shiga wannan gurbin shekara uku da suka wuce, yau ina suke. Sannan ka nemi kuɗin hayar gida na gaske, a unguwar da za ka yarda matarka ta kwana in ba ka nan. A Amurka hukuma tana ɗaukar gidan da kuɗin muhalli ke cin sama da kashi 30 na abin da ke shigo masa a matsayin wanda nauyi ya danne. Ma'aunin ya faro ne daga wata doka ta 1969 da ta ƙayyade kashi 25 ga mazauna gidajen gwamnati, aka ɗaga shi zuwa 30 a 1981. Ba wahayi ba ne, amma sanda ce mai kyau ta awo. Kuma ku yi lissafin nan kai da mai ɗakinka, ita ta fi ka sanin inda 30 ɗin cefane ke tafiya, kuma ita za ta bar 'yan'uwanta.

In ka tambaye ni ra'ayina, da ni ne ba zan kwashi yara biyu a kan kashi 70 ba sai an ƙara da kuɗin gida, ko an rubuta mini a takarda matakin da zan taka bayan shekara biyu. In sun yarda, in tafi ni kaɗai wata uku tukuna in ga ruwan garin. In sun ƙi, ba zan yar da takardar ba. Zan shiga da ita ofishin shugabana na yanzu, cikin ladabi, in nuna masa abin da kasuwa ta ce na kai. Yaron ambulan ɗin nan haka ya yi. Bai samu 170 ba, 125 aka ba shi da sabon muƙami, hayarsa na nan a 20.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Ni mace ce 'yar shekara 41, akanta ce. Na ajiye aiki shekara shida don renon yara, na dawo bara. Waɗanda muka fara tare, maza da matan da ba su tsaya ba, yanzu su ne shugabannina, wata ma ni na koya mata aiki. Duk inda na nemi sabon gurbi sai a tambaye ni albashina na baya, a ɗora ɗan abu a kai. Shin nawa lokacin ya wuce ke nan?

'Yarku mai neman mafita

AMSA

'Yata, barka kadai. Abin da ya same ki yana da suna a littattafan masana, har an ci lambar yabo a kansa. Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023 saboda binciken tarihin aikin mata, kuma cikin abin da ta nuna akwai cewa a yau yawancin tazarar albashi tsakanin namiji da mace masu aiki iri ɗaya tana buɗewa ne bayan haihuwar ɗan fari. A wani aikin da ta yi da Marianne Bertrand da Lawrence Katz kan waɗanda suka gama karatun kasuwanci a Jami'ar Chicago, maza da mata sun fara da albashi kusan ɗaya, bayan shekara goma zuwa sha biyar tazara ta yi faɗi, kuma babban dalilin shi ne hutun aiki da raguwar awoyi. Ko a Denmark, inda gwamnati ke tallafa wa reno sosai, Henrik Kleven da abokansa sun tarar kuɗin shigar mace yana zama ƙasa da na namiji da kusan kashi 20 cikin ɗari na tsawon lokaci bayan haihuwa. Shekarun da kika tsaya su ne daidai shekarun da na gaya wa ɗan'uwanki a sama cewa albashi yana gudu a cikinsu. Ba gazawarki ba ce, lokacin ne ya haɗu.

Amma agogon albashi shekarun aiki yake ƙirgawa fiye da shekarun haihuwa. Ke a lissafin kasuwa kamar 'yar 35 ce, kuma in Allah ya ba da rai da lafiya kina da kusan shekara ashirin a gaba. Aikin akanta kuwa yana cikin waɗanda furfura ke ƙara wa kwarjini. Abin da ya canja a shekara shidan nan manhajoji ne da wasu dokokin haraji, kuma wata shida na dagewa sun isa ki kamo su. In akwai jarrabawar ƙwararru da ba ki ƙarasa ba, ita za ki sa a gaba kafin komai, don takardar nan tana rufe bakin mai tambayar ina kika shiga.

Tambayar albashin baya kuwa tarko ce, na san ta don na zauna a ɗaya gefen teburin. Tana sa ragin jiya ya bi mutum har kabari. Shi ya sa jihar Massachusetts ta Amurka ta yi doka a 2016 da ta hana masu ɗaukar aiki yin ta kafin su yi tayi, wasu jihohin suka bi sahu. Inda babu irin wannan doka, ba dole ki yi ƙarya ba, ba kuma dole ki miƙa wuya ba. Kafin ki shiga ganawar, ki binciko abin da ake biyan mai wannan kujera daga bakin mutum biyu ko uku da ke cikin harkar. In an jefo tambayar, ki yi murmushi ki ce: "Ranka ya daɗe, wancan albashin na wani aiki ne daban. Wannan kujerar nawa kuka ware mata?" Sai ki yi shiru, ki bar shi ya fara buɗe fayil.